Sawun da Ya Tsiro

Ranar Juma'ar da aka yi ruwan shuka a Malanville, buhu guda ya ɓace daga mangaza, wato ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma, da ke bakin hanyar Madécali. Ba a fasa ƙofa ba, ba a huda bango ba. Kwaɗo na nan a rufe yadda mai gadi ya bar shi da zai tafi masallaci. Da ya dawo ya ga hadari ya haɗo, sai ya buɗe don ya kawar da kaya daga inda rufin ke yoyo. Nan ya tarar da gurbin buhun, da shatin gindinsa a kan siminti.

Da gero ne ko shinkafa, da an kashe maganar a cikin gida. Amma wannan irin wake ne da 'yan duwan, wato ma'aikatan kwastan, suka kama a mashigar jiragen kogi, an tsallako da shi daga Najeriya. Irin nan ne da aka taɓa halittarsa don tsutsa ta ƙi shi, wanda gwamnati ta ce ba mai shigo da shi sai da izininta. Ma'aikata na kiransa Ojem, wasu tsofaffin mata kuwa sun ɗauka sunan Baturen da ya ƙera shi ne. An ajiye buhunan a mangazar kafin manya su zo daga birni a ƙona su a gaban idonsu.

Mutanen unguwa ba su sha wahalar neman ɓarawo ba. Mai gadin, Arziki, mutumin Gaya ne, daga hayin kogi ya zo cin rani ya zauna. Makulli a hannunsa yake, kuma ba shi da kawu ko suruki a garin da zai tsaya masa. Abin haushi shi ne, duk ɗan ƙungiya ya san idan Arziki zai tafi salla a ƙarƙashin randar bakin ƙofa yake tura makullin, amma ranar nan kowa ya manta. Kafin ruwan ya ɗauke, jandarma sun tafi da shi a bayan mota, rigar Juma'arsa ta jiƙe sharkaf.

*

Da safe Ɗanliti na wasa fartanya a ƙofar gida sai ga mace ta durƙusa a gabansa, da goyo a baya. Ɗanliti mai bin sawu ne. Daga Guéné har bakin kogi, idan an kore wa mutum shanu shi ake ɗaukowa a kabu-kabu. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai tafiya kai a sunkuye, har matarsa Habsatou kan ce ya fi sanin ƙafafun mutanen garin da fuskokinsu.

"Baba, ni ta Zulfa, matar Arziki," in ji matar. "An ce in buhun ga bai hito ba, Kandi za a kai shi gidan kaso. Wallahi ko barkono ba ya ɗauka in ba nai na ba."

Ɗanliti ya dubi ƙasa. Ruwan jiya ya share komai, ko sawun kaza babu.

"Ɗiyata, ruwa ya cinye sawu. Mi za ni bi?"

Zulfa ba ta roƙe shi ba. Ta dai kwance goyon ta ɗora a cinya, ta gyara zama kamar wadda ba ta da wani wurin zuwa, kuma lalle ba ta da shi. Habsatou ta fito da ƙwarya a hannu, za ta gidan Baba Na-Allah karɓar irin wake kamar yadda matan unguwa ke yi duk shekara. Ta dubi baƙuwar, ta dubi mijinta, ta ce, "Malam, ko ba sawu ai akwai baki. Tahi ka tambayi mutane." Ya jingine fartanyar ya shiga ya ɗauko hula.

*

Ajudan, wato shugaban jandarman garin, mutumin kudu ne, a kasuwa ya koyi Hausarsa. Ba mugu ba ne, amma shi ma akwai wanda ke tambayarsa daga sama.

"Ba ni son Arziki," ya ce wa Ɗanliti. "Buhu nake so. Ka nuna mini inda waken ya shiga, na buɗe ƙofa, ya tafi. Babu buhu, Kandi."

Ya bar Ɗanliti ya gana da Arziki ta tagar ƙarfe. Arziki ya rame cikin dare guda. Ya ce ya rufe ƙofa da aka yi kiran farko, ya tafi babban masallaci, ya yi salla a tsakanin baƙin kasuwa da bai san ko ɗayansu ba.

"Wane buhu anka ɗauka, na bisa ko na ƙasa?" Ɗanliti ya tambaya.

"Wanda ke gehe shi kaɗai. Shi na 'yan duwan sunka soka da ƙarhe don su ga abin da ke ciki. Na aje shi daban, bakin hudar na kallon sama, don kar shi zuba."

"Wa kaka zato?"

Arziki ya ce, "Baba, ni baƙo na. Baƙo ba ya zaton kowa. Ka dai ce ma Zulfa kar ta sai da akuyar."

*

Duk garin sun yarda cewa idan Arziki ya miƙa makulli, to mai kayan ya miƙa wa. Shi ne Sa'adu, ɗan kasuwar Kamba ta Najeriya, wanda aka kama buhunan a jirginsa. Ɗanliti ya same shi a layin masu albasa, yana fifita da kwali, ransa a ɓace.

"Ni in sace buhu guda?" Sa'adu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Malam, da za ni sata ai duka za ni kwashe. Ƙasarmu waken ga a hili aka sai da shi, manoma na rububi nai. Nan kuma an ce laihi na. Ruwa guda, ƙasa guda, tsutsa guda, doka biyu. Ni dai ranar Juma'a ina ofishin duwan tun hantsi ina ba da haƙuri, har salla tare da su niy yi. Tahi ka tambaya."

Ya tambaya, haka ne. Daga nan ya gangara bakin kogi, inda tun da aka rufe gadar da ta haɗa garin da Gaya komai ta jirgi yake tsallakawa. Masu jirage suka ce ranar nan da hadarin ya taso ba wanda ya saki igiya. Wani ya ce ya ga mutum da buhu a kan babur, aka bi zancen, ashe garin rogo ne. Wata ta ce ta ga mace da jan tafin hannu, irin jan maganin da ake shafa wa irin, ashe lalle ne na biki. Ɗanliti ya yi ta yawo a laka har takalminsa ya tsinke, bai samo komai ba sai gajiya.

*

Da abin ya ishe shi sai ya nufi gidan Baba Na-Allah neman shawara. Tsohon abokin mahaifinsa ne, kuma shi ne mai ajiyar irin unguwar. Tun zamanin kakansa gidan ke riƙe da wani farin wake mai daɗin ƙosai, ana adana shi cikin tukwane da toka, a liƙe bakinsu da laka. Idan ruwan shuka ya sauka, kowace mace ta zo da ƙwaryarta, a kaka ta mayar da abin da ta karɓa. Ba a taɓa jin Na-Allah ya ce babu ba. Kuma a taron da malamin gona ya kira don bayyana dokar, shi ne ya miƙe ya ce gwamnati ta yi daidai, duk manomin da ya saki irin ubansa ya kama na saye ya zama bara a gonarsa.

Ɗanliti ya tarar da shi a zaure, tabarma cike da wake fari fat da toka, yana auna wa wata makararriya.

"Baba, na rasa bakin zaren."

Na-Allah bai ɗago ba. "Yaron ga, Arziki, suna ba shi abinci?"

"Matatai na kai mashi."

"Ba su dai bugunai?"

"Ba su bugunai. Amma Kandi za su kai shi."

Hannun tsohon ya tsaya a cikin waken. Sannan ya ce, "Allah shi hidda shi." Ɗanliti ya ga hawaye a idonsa, ya ce a ransa tausayi ne irin na tsofaffi. Ya fito yana jin kunyar damun bawan Allah da zancen sata.

*

Kwanaki suka shuɗe, gonaki suka fara kore. Ajudan ya aiko cewa takardun Arziki sun kusa kammala. Ɗanliti ya yanke shawarar zuwa ya gaya wa Zulfa gaskiya, cewa ya kasa. Ɗakinsu na bayan mangaza, don haka ya zaga ta ƴar hanyar jakuna, kansa a ƙasa kamar kullum, yana shirya kalmomin da zai faɗa.

A gefen hanyar ya ga tsiron wake, kunne biyu, shi kaɗai. Ya wuce. Gaba kaɗan ga wani. Ya tsaya. Ba mai shuka wake a hanyar jakuna. Ya tsuguna ya tone gindin da ɗan yatsa, sai ga ɓawon ƙwayar manne da tsiron, ja wur da maganin da ake shafa wa irin saye.

Ya tuna hudar da ƙarfen duwan ya yi wa buhun. Wanda ya ɗora shi a jaki bai san da ita ba, ya juya ta ƙasa. Ruwan da ya share sawun ɓarawon shi ne ya binne ƙwayoyin da suka zuba, ya tsirar da su.

Ɗanliti ya bi. Inda jakin ya yi sauri tsiron ya yi nisa da juna, inda ya tsaya ya yi cincirindo. Awaki sun cinye wasu, amma da ya duba sai ya ga guntun kara. Layin bai nufi kogi ba, bai nufi kasuwa ba. Ya kewaye bayan makabarta, ya bi ta gefen fadama, hanyar mutumin da ba ya son a gan shi kuma ya san duk maza na masallaci. Tun daga nesa Ɗanliti ya gane inda za a kai shi, ya riƙa rage tafiya yana fatan layin ya karkata. Bai karkata ba. Ya ƙare a ƙofar baya ta gidan Na-Allah, inda aka sauke buhun, tsiron ya fito a dunƙule kamar an yi shi da gangan.

Ta ɓular darni ya hango tukwanen irin a kife a bayan rumbu, da shatin ruwan ambaliyar bara har wuyansu. Ya zauna a ƙasa a wurin. A duk shekarunsa na bin sawu bai taɓa yin baƙin cikin samun abin da yake nema ba sai ranar. Ya san ba tsohon kaɗai zai tona ba. Ya tuna ƙwaryar Habsatou, da ƙwaryar kowace mace a unguwar.

*

Washegari da hantsi aka taru a gindin dalbejiyar mangaza. Ajudan ya zo da Arziki. Ga Sa'adu, ga Abdoulrazak malamin gona, ga dattawan ƙungiya. Mata suka tsaya daga baya, Zulfa can gefe ita kaɗai. An kawo wa Na-Allah kujera saboda girmansa.

Ɗanliti ya miƙe. Bai iya jawabi ba, sai ya yi tambaya. Ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi wanda ya tsaya kusa da shi a sahu ranar Juma'ar nan. Kowa ya ambaci wani, wanin ya gaskata. Sai ya zo kan Na-Allah. Wani dattijo ya amsa a madadinsa, "Ai Baba bai samu hitowa ba ranan nan, ƙahwa ta matsa mashi." Yana faɗa kuma sai ya yi tsit, kamar ya ji abin da bakinsa ya furta.

Ɗanliti ya buɗe tafin hannunsa. Tsiron wake ne da jan ɓawo. Bai miƙa wa Ajudan ba. Ya durƙusa ya ajiye shi a gaban tsohon.

"Baba, daga ƙohwar ga yat tashi. Na bi shi har inda yat tsaya. Ban so ba."

Na-Allah ya ɗauki tsiron ya juya shi a hannu, ya duba saiwar, kamar yadda manomi ke yi.

"Ya tsiro da kyau," ya ce a hankali. Sannan ya ɗago. "Ku saki yaron ga. Ni na."

Ba wanda ya yi salati da ƙarfi. Wata mace ce kawai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ruwan bara ya shiga tukwanen," in ji tsohon. "Da nib buɗe su sai doyi. Irin kakana ya mutu hannuna. Na so in tahi kasuwa in sayo, amma wa za ya ga Na-Allah shina sayen iri, gari bai ji ba kahin la'asar? Ga hadari ya taso, na san da sahe matan ga na ƙohwata da ƙorai. Sai nit tuna ga iri nan kwance, wai wuta za a sa mashi." Ya girgiza kai. "Ni tun da anka haihe ni ban taɓa jin an ƙone iri ba. Nic ce ma kaina, wanda za a ƙone ai ba na kowa ba na. Niw wanke jan, nis shanya cikin ɗaki, nib birkita shi da toka. Na ce gobe in hwaɗi gaskiya a saki yaron. Goben ta ƙi zuwa."

Abdoulrazak malamin gona ɗan unguwar ne, da ƙosan waken Na-Allah ya girma. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Baba, kai kac ce dokar ta yi daidai."

"Har yanzu na ce. Da irina na raye, wanga na shigowa, nawa ya ƙare. Amma nawa ya riga ya ƙare."

Abdoulrazak ya juya ga jama'a, ya yi bayani ba tare da ya ɗaga murya ba. Ba a ce waken guba ba ne. An ce dai ba a ba shi izinin shiga ƙasar ba, kuma idan ya yi fure ya yi ƴaƴa ba mai iya sake tattara shi. Duk inda aka shuka, sai an tuge kafin fure. Ya ce zai nemo musu iri mai izini daga sama, amma bai yi alkawarin zai iso kafin lokacin shuka ya wuce ba.

Ajudan ya ce, "Tsoho ya faɗa da baki. Tsoho na iya faɗa don ya ceci yaro. Ni sai na ga inda waken ya shiga. Wa ya karɓa?"

Matan suka sunkuyar da kai. Waken nan shi ne miyarsu, shi ne ƙosan da suke soyawa su saya wa yara sabulu da takalmi. Ba wadda ta motsa. Zulfa ta bi fuskokinsu da kallo, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yarda suka haɗa ido. Ɗanliti bai ga laifinsu ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Ya nemo Habsatou da ido a cikin taron. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗaure zanenta tamau.

"Shef," in ji Ɗanliti yana fuskantar Ajudan, "mu hwara da gonata."

*

Da la'asar suna tsakiyar gonar. Waken ya fito layi-layi a tsakanin gero, kore shar, bai taɓa yi musu kyau irin na bana ba. Habsatou na gaba tana tugewa, Ɗanliti na bin ta yana tarawa. A gonakin maƙwabta ma an sunkuya, ba mai yi wa wani magana. An bar Na-Allah a gida saboda shekarunsa kafin a kira shi gaban hukuma, amma an ce tun da ya shiga ɗaki bai fito ba, kuma ba wadda ta kai masa gaisuwa.

Sai ga Arziki da Zulfa a kan hanya, da ɗiyarsu a goye, da ƙunshin kaya da akuya a igiya. An sake shi, kuma sun nufi mashigar jirage, ba za su sake kwana a garin ba. Arziki ya bar matarsa a bakin gona ya tako har inda suke. Ya zo ne ya yi godiya, amma da ya ga tarin tsiron ya fara yaushi a rana, ya ɗaga kai ya ga sauran gonakin, sai godiyar ta maƙale.

"Baba," ya ce, "da kun hwaɗa mani haka za ta ƙare, da na ɗauki laihin. Wata nawa na? Ai da na zamna."

Ɗanliti ya ajiye tsiron da ke hannunsa. Habsatou ce ta miƙe, ta dafa ƙugu, fuskarta jiƙe da zufa da hawaye.

"Kai, ɗan nan, kar ka sake hwaɗin haka," ta ce. "Mun yi shiru da sahe, ka gani da idonka. Kar ka ƙara muna kunya. Ɗauki ɗiyarka ka tahi gida, rana na hwaɗuwa."

Arziki ya juya. Habsatou ta sake sunkuyawa ta kama tsiro na gaba.